Yana Sama, In Ya Sauko Zai Kira Ki

Kwana uku cur babu netiwok a Beji. Testimony ta ɗaga waya sama, ta hau turmi, ta hau katangar coci, ko alama babu. Ga shi malaminta na jami'a a Bosso, inda take karatun kwamfuta, yana jiran aikin da za ta tura masa. Da ta ji an ce masu gyara sun iso, sai ta zura silifas ta nufi dogon turken sadarwa da ke bayan kasuwa. Yarinyar nan kuwa akwai baki, duk Beji an shaida.

"Kai na sama! Sai yau kuka ga damar zuwa?"

Na saman bai ko leƙo ba. Sai da ya gama ɗaurinsa ya sauko a hankali, ya cire hular kwano, ya share gumi.

"Ranki ya daɗe, duba wayarki mana."

Kafin ya rufe baki saƙonni suka fara shigowa kamar an ɓalle famfo. Kunya ta kama ta, amma ta ƙi nunawa.

"Sunana Meshach. Faɗan ya ƙare ko da saura?"

"Da saura."

"To ba ni lambarki a ƙarasa a waya. Ai yanzu akwai netiwok."

Ta harare shi, ta kuma ba shi. A gefe akwai wata doguwar mace da hular kwano tana naɗe igiya, amma ranar Testimony ba ta yi mata kallo biyu ba.

Cikin wata biyu soyayya ta kama su ram. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashinta: "Testina, yau Maikunkele za mu. Daga sama zan hango hanyar Bosso in ce ga inda zuciyata take zama."

Ita kuma ta mayar: "Tsuntsuna, ka hango da ido kawai. Hannu biyu a kan ƙarfe."

Matsala ta fara ne ranar da ta kira shi da tsakar rana, muryar mace ta amsa.

"Yana sama, 'yar'uwa. In ya sauko zai kira ki."

"Wace ce ke?"

"Christiana, abokiyar aikinsa."

Da yamma Meshach ya yi mata bayani dalla-dalla. Dokar aikinsu ce: ba a hawa sai mutum biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa yana lura da igiya. Mai hawa kuma ba ya tafiya da wayarsa, yana barin ta a hannun na ƙasa, don kada wani abu ya ɗauke masa hankali. Shekara huɗu ke nan shi da Christiana suna haka.

Shekara huɗu! Nan ne abin ya fi damun Testimony. Wato akwai wata mace da ta san nauyinsa a kan igiya, ta san lokacin da yake jin tsoro, kuma wayarsa na wuni a aljihunta. Kai, kishi bai yi ba! Yarinyar da ke gyara manhaja mai layi dubu ba ta yi kuskure ba, ga ta tana bin hotunan Christiana ɗaya bayan ɗaya tana neman aibu. Haushin ma bai tashi ƙaruwa ba sai da ta ga matar kyakkyawa ce.

A gida kuma ga wata wutar. Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Baba Ezekiel, manomin doya kuma dattijon coci, ya ce sam.

"Yaron yana da ladabi, ban ƙi ba. Amma mutumin da abincinsa ke tsakanin sama da ƙasa? Ba zan aurar da ke da safe in karɓe ki da baƙin kaya da yamma ba. Ya sake sana'a, sai mu yi magana."

Meshach ya zo ya durƙusa, ya nuna masa ɗamarar da suke ɗaurawa da ƙugiyoyinta biyu, ya ce ba a sakin ɗaya sai an maƙala ɗaya. Baba ya juya ƙugiyar a hannu ya mayar masa.

Maimakon Testimony ta taya shi lallashin Baba, sai ta buɗe nata shafin. Ta rubuta masa: "In har ni ce za ka aura, daga yau wayarka ta zauna a jikinka. In na ƙara jin muryar matar nan, ka ba ta zoben auren."

Ya amsa: "Testina, doka ce fa, ba son raina ba."

"To auri dokar."

Kwana biyu ba ta ɗauki kiransa ba. A na uku ya turo kalma biyu: "Na yarda."

Ta yarda ita? Ina! Ranar Talata ta shiga keke har Maikunkele, ta laɓe bayan wani mangwaro nesa kaɗan da turken. Ga Christiana a ƙasa riƙe da igiya, kanta a sama. Ga Meshach can ƙololuwa, ƙarami kamar ɗan tsako. So take ta ga da idonta aljihun da wayar za ta yi ƙara. Ta danna kira.

Ta ga lokacin da ya cire ƙugiya ɗaya zai matsa gaba. Ta ga hannunsa ya bar ƙarfe ya nufi aljihun ƙirji. Sai ƙafarsa ta zame.

Ihun da Testimony ta yi, har masu sayar da rake a bakin titi sai da suka taso. Meshach na reto a sama, ƙugiya ɗaya tak ke riƙe da shi, kafaɗarsa ta bugi ƙarfe hannun ya saki. Ita kuwa Christiana ko ihu ba ta yi ba. Ta maƙala tata ɗamarar ta hau kamar tana taka matakalar gidansu, tana yi masa magana a hankali har ta isa, ta ɗaura masa igiya, ta sauko da shi taku-taku.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, Christiana ta zura hannu a aljihunsa ta zaro wayar. Ta dubi sunan da ke kai, ta dubi yarinyar da ke durƙushe tana kuka.

"Ke ce Testimony?"

"Ni ce, Anti. Ki yafe mini."

"Tashi. Ni ma na yi irin wannan haukan a kan baban yarana, amma shi direba ne, a ƙasa yake. Naki a sama yake, ƙanwata. Ba son mijinki nake ba, so nake kullum ya koma gida da ƙafarsa."

Meshach ya buɗe ido da ƙyar. "Testina, ban samu na ɗauka ba. Kada ki yi fushi."

Wannan maganar ce ta ƙarasa karya mata zuciya.

An ɗora kafaɗar, kamfaninsu kuma ya dakatar da shi wata guda saboda karya doka. Ya roƙe ta kada Baba ya ji, don in ya ji an faɗo, magana ta mutu. Amma Testimony ta kasa haɗiye abin. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, har da mangwaron, ba ta rage ko ɗaya ba.

Baba Ezekiel ya ce a kira masa yaron, a kira abokiyar aikinsa.

Da suka zo, Christiana ya fara yi wa godiya, har ya sa aka ɗaura mata doya goma a bayan mota. Sannan ya juya ga Meshach.

"Shekara nawa kana hawa?"

"Shida, Baba."

"Sau nawa ka faɗo?"

"Sau ɗaya."

"To ashe ni na yi kuskuren lissafi. Ina tsoron ƙarfe zai kashe wa 'yata miji, ashe 'yar tawa ce abin tsoro." Mama ta rufe baki tana dariya, Testimony ta sunkuyar da kai. "Na ba ka ita, ɗana. Amma in ka ƙara karya dokar aikinka don faranta mata, ni da kaina zan zo in ɗauke ta. Ke kuma, kishinki ya tsaya a ƙasa."

A watan Disamba aka ɗaura auren a cocinsu na Beji, ya cika har waje. Abokan aikin ango suka jeru a bakin ƙofa da hulunan kwanonsu, Christiana a gaba da 'yan biyunta. Da fasto ya tambaya wa zai ba da amarya, Baba ya tashi ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Meshach, ya haɗa ya riƙe.

"Ga ta nan, da bakinta da kishinta, duk naka ne. Ubangiji ya hau da kai lafiya, ya sauko mata da kai lafiya, har ku ga jikoki."

Coci ya ɗauka da amin. Amarya ce ta fi kowa ɗaga murya, hawaye na wanke mata hoda.