Kakin Zuma a Rediyon Malam Dabo

Ranar wata Laraba Badaru ya fara taka zauren gidanmu, shekarar nan da ake bin layin sabulu wuni guda a dawo hannu rabbana. Kamfanin haɗa rediyo da yake wa aiki a birni ya rufe, sai ya dawo ƙauye da jakar gyara a bayan keke.

Mu kuwa muna da majinyaciya: ƙatuwar rediyon ɗan wana Malam Dabo, mai lasifika biyu, wadda ya saya tun duniya na kwance. Ɓangaren FM ya lalace. Allura tana gabas, tasha tana yamma, sai shuuu kamar ana suyar ƙosai.

Ni Gwaggo Luba ina bakin ƙofa, wai ina tsinkar zogale. Sai ga Asama'u 'yar Dabo, malamar firamare, ta kawo wa baƙo ruwa. Ya ɗago, ta sunkuyar da kai, ya kai hannu ya wuce kofin.

Da ya buɗe cikin rediyon, ya nuna wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake a cikin naɗin waya.

"Nan ciwon yake, sai an murɗa shi kaɗan-kaɗan. Amma sukudireban ƙarfe ba ya yi, da ya matso sai tasha ta gudu."

Asama'u ta zaro tsinken kitso na roba daga ƙarƙashin ɗankwali.

"Wannan fa? Ko shi ma za ta guje shi?"

"Wa zai guji abin da ya fito daga kanki, Malama?"

Na yi tari. Babu wanda ya ce mini sannu.

Ya fiƙe tsinken da reza, ya murɗa a hankali har muryar mai labarai ta fito tar. Ya ɗiga kakin zuma a kai don kada ya motsa, ya rufe, ya hau keke. Wuni ɗaya tak! Haushi ya kama ni. Yaro ya iya aiki, bai iya zama ba.

Ranar Juma'a, maza na masallaci, na ga tsinken nan a kan rediyo. Da bakin wuƙa na kwance murfin, na ɓamɓare kakin, na yi 'yar murɗa, na danne kakin da babban yatsana. Ko lallen hannuna ban gama wankewa ba. Allah ya yafe mini.

Asabar sai ga Badaru. Bayan mako biyu ma haka. Ba a jima ba takardu suka fara kwana a ƙarƙashin ƙyallen rufe rediyo, wanda Asama'u ke kaɗewa. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma wasiƙar masoya ko a kife take ina karantawa.

"Ma'una, na ga saƙon da aka bar mini a cikin rediyo, na kuma gane. Ban faɗa wa kowa ba. Tun da na zo gidanku zuciyata tasha ɗaya take kamawa. Naki, Badaru."

Tata amsar kuwa:

"Injiniyana, ni ma na gane abin da ya sa gyaranka ba ya daɗewa. Allah ya shirye ka, amma ba da gaggawa ba. Taka, Ma'u."

Kun ji fa! Shi ya ga jan lalle a jikin kaki, ya ɗauka ita ke ɓatawa don ya dawo. Ita ta ɗauka shi ke barin gyara rabi don ya gan ta. Ni kuwa ina gefe ina cin gorona.

Ashe na haƙa rami. Akwai Sama'ilu mai kanti a Ungogo, wanda shi ma ke son Asama'u, yana aiko da sabulu a lokacin da sabulu ya fi turare daraja. Shi ya raɗa wa Dabo cewa masu gyara haka suke, su gyara yau su dasa ciwon gobe. Da kawun Badaru ya zo neman izini, Dabo ya ce a dakata.

Da rediyon ta lalace karo na huɗu, Dabo ya sa aka kira Badaru, ga Sama'ilu zaune a kan buzu yana karkaɗa ƙafa.

"Buɗe ta a gabana," in ji Dabo. "Cikin biyu akwai ɗaya. Ko ba ka iya aikin ba, ko kana ha'intata. Wanda bai riƙe rediyo ba, mace zai riƙe?"

Badaru ya buɗe. Na ga idonsa ya sauka a kan kakin nan mai jan lalle. Sai ya ɗora yatsansa a kai, ya murje shaidar.

"Baba, a ɗauka ban iya ba."

A ƙauye irin namu, wannan magana kafin la'asar ta kai kasuwa, kuma babu mai sake ba shi ko tocila. Ya sani sarai. Asama'u na bayan ƙyaure tana sharar hawaye.

Na tofar da goron bakina. Na miƙe, na ɗaga babban yatsana.

"Dabo, ga ɓarawonka."

"Gwaggo! Ke?"

"Ni. Kai da ka kwana bakwai kana neman akuyar da ba ta ɓata ba a ƙofar gidan su uwar yarinyar nan, yau kai ne alƙali?"

Badaru ya saki baki. "Gwaggo, ashe ba..." Ya haɗiye sauran.

Dabo ya dube shi, ya dubi ƙyauren da ke motsi. Ba yaro ba ne, ya gane wa aka so a rufa wa asiri. Ya shafa gemu.

"Ka yarda a kashe maka sana'a, a wannan marra, don kada a ambaci sunan 'yata?" Ya nisa. "Gyara rediyon. Ka ce wa kawunka ina jiransa."

Sama'ilu ya tuna ya bar kanti a buɗe.

Da Badaru zai tafi, Asama'u ta riƙe masa keke a ƙofar gida.

"Wato ni ka ɗauka maɓarnaciya?"

"Ke ma ai maha'inci kika ɗauke ni, kuma kika so ni a haka."

"Wa ya ce ina sonka?"

"Yana rubuce, Ma'una. Gwaggo ma shaida ce."

Bayan an yi girbin ɗan geron da fari ya bari, aka ɗaura aure. A rediyon nan muka ji sanarwarsa, murya tar kamar mai faɗin yana zaune a zauren. Dabo ya ba amarya ita a cikin kayan ɗaki, ango kuma ya sa wa murfin ɗan kwaɗo, wai saboda ɓeraye masu lalle. Allah ya sa albarka, ya ba su zuriya mai jin magana fiye da kakarsu, ya raba su da shuuu har tsufa.

Keken ɗinkin Rukayya, ƙanwar amarya, shi ma na ji jiya ya fara tsallake zare. Ni dai ban ce komai ba.