Giram Shida

Ƙarfe tara na safe wata nas ta shigo caji ofis da gwangwanin madarar jarirai a hannu, ta dire shi kan teburin Sufeto.

"Sata na kawo ƙara, ranka ya daɗe."

"Me aka sace?"

"Cokali ɗaya."

Kurtun da ke bakin ƙofa ya ƙunshe dariya. Nas ɗin ko kallonsa ba ta yi ba.

"Jarirai arba'in nake shayarwa a ɗakin bakwaini," ta ce. "Da cokalin robar da ke cikin gwangwani nake auna musu, kuma ina ƙirgawa. Wata uku ke nan kowane gwangwani yana ƙarewa saura cokali ɗaya lissafina ya cika. A jiki an rubuta giram ɗari biyar. Ƙarya ne."

Sufeto mutum ne da ba ya raina ƙaramar ƙara, don ya sha ganin inda take kaiwa. Ya ɗauki hularsa.

Kamfanin da ke cika madarar ƙarami ne, ɗakuna uku a jere. A na farko inji ke zuba garin madara cikin gwangwani. A na biyu ake dubawa, a jefa cokalin roba. A na uku ake liƙe baki a jera cikin kwali.

Mai kula da inji dattijo ne, kowa Kawu yake ce masa. Shekararsa ashirin da biyu yana wannan aiki. Mai dubawa kuma ɗan ƙanwarsa ne, wanda ya taso a hannunsa tun rasuwar uwarsa. Ma'aikata suna kiransa Daidai, domin duk abin da aka tambaye shi amsarsa ke nan.

"Awonku fa?" in ji Sufeto.

"Daidai, ranka ya daɗe. Bari ka gani da idonka."

Da kansa ya shiga sito, ya ɗauko gwangwani biyar, ya juye garin kowanne a sikeli. Ɗari biyar da uku, ɗari huɗu da casa'in da takwas, ɗari biyar da ɗaya. Haka dai.

"Inji ba mutum ba ne," Daidai ya ce cikin murmushi. "Wani gwangwanin ya ɗan haura, wani ya ɗan gaza. Nas ɗin ta ci karo da masu gazawa ne kawai."

Maganar ta shiga hankali, abin da ya dami Sufeto ke nan. Ya sa gwangwanayen biyar a mota, ya wuce ofishin awo da ma'auni.

Can ya sami jami'ar ƙididdiga, wata mata mai tabarau da kaifin harshe, wadda ake kira Malama. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Wa ya zaɓo gwangwanayen?"

"Shi mai dubawar."

"Ashe kai ma ana yi maka haka? Ka taɓa barin wanda ake zargi ya zaɓo maka shaidu?"

Sufeto ya sosa ƙeya.

Washegari da hantsi suka dira kamfanin ba sanarwa. Sufeto ya tsayar da aiki, ya karɓi makullin inji daga hannun Kawu ya sa a aljihu. Malama ta rubuta lambobin gwangwanayen da aka cika aka liƙe da safen nan a 'yan takardu, ta zuba cikin hular Sufeto, ta sa direbansa ya rufe ido ya zaro talatin da shida.

"Kafin a auna ko ɗaya, mu yi sharaɗi," ta ce. "Aikina irin naka ne. Kamfani ya ce matsakaicin nauyi ɗari biyar ne. Za mu ɗauka gaskiya ya faɗa har sai hujja ta ka da shi."

"Wace irin hujja?"

"Takardar injin nan ta ce gwangwani ɗaya kan yi sama ko ƙasa da kamar giram shida. Amma in ka haɗa talatin da shida ka fitar da matsakaici, masu haurawa suna cike wa masu gazawa. Shida sau shida talatin da shida, sai ka raba giram shidan nan gida shida. Wato matsakaicin bai cika kaucewa da fiye da giram ɗaya ba. In ya kauce da fiye da biyu, ba zan yarda sa'a ce ba, don sa'a ba ta yin haka sai kamar sau biyar cikin ɗari."

"To, a auna."

Aka yi ta juyewa ana aunawa, Malama tana rubutawa. Da ta gama ta danna kalkuleta, ta cire tabarau.

"Ɗari huɗu da casa'in da huɗu. Giram shida ƙasa. Nas ɗinka ta fi sikelinsu gaskiya."

Sufeto ya juya ga Daidai. "Yanzu fa?"

Daidai ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kawo ruwa.

"Ranka ya daɗe, mu keɓe."

A ofishin mai kamfani ya ba da bayani. Ya ce mutum ɗaya ne ke da makullin saita inji. Ya ce ya sha ganin Kawu yana murɗa saitin ƙasa, da yamma kuma ya kwashe rarar da ta taru ya fita da ita. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa, tunda mutumin nan shi ya raine shi. Ya sa hannu a ƙasan takardar bayanin.

Aka tafi da Kawu. A gaban ma'aikatan da ya koya wa aiki aka fito da shi, kuma mai kamfani ta ce ko kotu ta sake shi kada ya sake tako mata ƙofa.

A bayan kanta Sufeto ya yi masa tambayoyi.

"Ka taɓa murɗa saitin?"

"Kullum da safe, in daidaita shi kan ɗari biyar."

"An ce an gan ka kana kwasar rara."

"Wa ya ce?"

"Wannan ba naka ba ne."

Kawu ya gyara zama a kan benci. "Yallaɓai, ka kira mini yarona Daidai. Shi ya yi karatun lissafin nan, ni na kai shi. Zai yi maka bayani. In kuma ba ka yarda da mu ba, ga makulli a aljihunka, je ka tambayi injin. Yadda na bar shi haka yake."

Sufeto bai gaya wa dattijon wanda ya sa hannu a takardar ba.

Da safe ya koma da Malama. Ba wanda ya taɓa saitin tun jiya. Aka kunna inji, aka riƙa ɗauke gwangwani daga bakinsa kai tsaye, kafin ya shiga ɗaki na biyu. Talatin da shida, sharaɗi irin na jiya.

"Ɗari biyar da rabin giram," in ji Malama. "Ba ni da hujjar kama injin nan."

"Wato daga nan a cike suke fita."

"Ni dai ban ga alamar gazawa ba. Sauran aikinka ne."

Sufeto ya je mota ya ɗauko gwangwanayen nan biyar da Daidai ya zaɓo masa ranar farko. Ya jujjuya su. A gindin kowanne akwai ɗan ɗigon jan biro, wanda in ba ka nema ba ba za ka gani ba. Ya duba talatin da shidan jiya. Biyu kawai ke da ɗigo.

Ya shiga ɗaki na biyu. Tebur dogo, sikeli a gefe, buhun cokulan roba, kujera ɗaya. Daidai ya miƙe tsaye.

"Kai kaɗai ke aiki a nan?"

"Ni kaɗai."

"Nuna mini yadda kake yi."

Daidai ya jawo gwangwani, ya leƙa ciki, ya jefa cokali, ya tura gaba.

Sufeto ya ɗauki cokali ɗaya, ya ɗebo gari ya shafe bakinsa da yatsa, ya juye a sikeli. Giram shida cif. Ya ɗaga zanen da ya rufe ƙasan teburin. Ga bokitin roba mai murfi, gari ya kai rabi. A aljihun rigar Daidai jan biro ne a maƙale.

"Kana ɗebe cokali ɗaya kafin ka jefa shi ciki," Sufeto ya ce. "Waɗanda ka bari a cike kuma ka ɗiga musu alama, don baƙi irina. Wa kake kai wa?"

Daidai ya koma kan kujera.

"Wani mai gidan burodi. Ranka ya daɗe, giram shida ne fa. Ido ba ya ganinsa."

"Bakwaini suna ji a cikinsu. Kawunka fa?"

"Na ga tsoho ne. Na ce ko an kai shi kotu za a tausaya masa."

Sufeto ya yi shekaru yana kama ɓarayi, amma wannan amsar ta ƙona masa rai fiye da satar.

Da azahar aka fito da Kawu daga bayan kanta, aka miƙa masa takalmansa da agogonsa. Yana ɗaura agogon aka shigo da Daidai da ankwa a hannu.

"Kai, me ya faru? Yallaɓai, wannan yarona ne, kuskure kuka yi."

Sufeto ya juya ga Kawu. Ya miƙa masa takardar bayanin. Kawu ya nisanta ta da idonsa, ya bi ta layi layi yana motsa leɓe, har ya iso kan sa hannun. Ya san hannun. Shi ya riƙe shi ya koya masa rubuta baƙin farko.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji Daidai.

Dattijon ya ninke takardar ya mayar wa Sufeto.

"Yallaɓai, na ji an ce sai da aka auna gwangwani talatin da shida kafin a ce gwangwanin ya yi ƙarya."

"Haka ne."

Kawu ya dubi ɗan ƙanwarsa. "Gwangwani ke nan. Ni da na goya ka, layi huɗu suka ishe ka."

Kurtu ya ja Daidai zuwa ciki. Sufeto ya zaro makullin inji daga aljihu ya miƙa. Kawu ya kalle shi, ya girgiza kai, ya sa takalmansa ya fita.