Sunan da Goggo Ladidi Ba Ta Faɗa

Tsarau yana aiki ba ya ko nishi. Shi ne injin da Injiniya Nafi'u ya ƙera don gyara Taskar Muryoyi, shafin intanet na Sabon Birnin Tudun Haske, inda ake ajiye muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yana ɗaukar kowace murya, ya liƙa mata suna, ya jefa ta a rukuninta.

Tsohon shafin kuwa, Allah ya ji ƙan waɗanda suka gina shi, kamar lungunan tsohon gari suka shimfiɗa shi, garin da aka rushe aka dasa benayen gilashi. Sai ka shiga ta Ƙofar Marina, ka wuce tsamiya, ka karya kwana wajen rijiya, kafin ka iso gidan mutum. Baƙo kan ɓata. Nafi'u ya share wannan duka. Yanzu ka ambaci sunan mamacinka da bakinka kawai, injin ya tantance muryarka, ya tabbatar kai ɗan gida ne, ya buɗe maka. Hukuma har lambar yabo ta ba shi.

Ranar Juma'a ya je gaida kakarsa, Goggo Ladidi. Ya tarar da ita a kan tabarma ta tasa allon kwamfutarta a gaba, kununta ya huce.

"Angona, ina ka kai mini tsamiyata?"

"An daina yawon nan, Goggo. Suna kawai za ki kira."

Kullum da hantsi takan bi lungunan nan da ɗan yatsa har ƙofar mijinta, ta ji shi yana yi wa tantabarunsa faɗa. Muryar nan ce kaɗai ta rage mata. Nafi'u ya san haka. Abin da ya manta shi ne, tun da aka kai ta ɗakin marigayin ba ta taɓa kama sunansa ba, irin kunyar mutanen da.

Ta matso. "Malam," ta ce.

"Malamai sun yi yawa," in ji Tsarau. "A faɗi suna."

"Baban yaran nan."

"Babu wannan rukunin."

"Bari ni in faɗa," in ji Nafi'u.

"Gobe ma kana nan? Jibi fa?"

Tsohon tsarin kuwa, Nafi'u ya goge shi da hannunsa, bai bar ko kwafi ba, don kada wani ya mayar da hannun agogo baya. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. Ta kai baki dab da allon, ta furta wani abu can ƙasa-ƙasa, Nafi'u ma bai ji ba.

Allon ya yi ƙyaftu. "Ba a ji sosai ba. A sake faɗa da ƙarfi."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta kifa shi a kan tabarma, ta tura wa jikanta.

"Ɗauki abinka, angona. Sau ɗayan ma, Allah ya sa Malam bai ji ba."