Kalifar Baban Nafisa

Maigidana, Baban Nafisa, direban akori-kura ne. Daga Kadawa yake kwaso tumatir ya kai Kano, da hannun nan nasa na dama muke ci muke sha. Mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai. In ka ce ya kai mota gareji, sai ya ce ai makanikin ma ba da sifana a hannu aka haife shi ba.

Ranar da abin ya faru, birkin gaba ne ya riƙe. Ya cire taya a ƙofar gida, ya kwance ƙarfen nan mai matse faifan birki, wanda suke ce wa kalifa, ya kinkimo min shi har tsakar gida. Tun la'asar yake fama. Tsatsa ta cinye fistin ɗin ciki, wato ƙarfen da man birki ke turowa ya matse faifan, ya ƙi fita, ya ƙi komawa. Ya zuba fetur, ya buga da guduma, ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Gida duk ya ɗau warin man birki.

Rana ta yi ja. Sauro ya taso daga gonakin shinkafa, kwaɗi suka fara kuka a kanal ɗin ban-ruwa da ke bayan katangarmu.

"Zuliha, ba ni ruwan zafin nan."

"Na tuwo ne fa."

"Kya ɗora wani."

Ya juye shi a kwano, ya tsoma ƙarfen, ya wanke tas. Ladan na fara kiran magariba, ya ɗaga kwanon ya watsa a makwarara. Ko yaro ya san ba a zubar da ruwan zafi a wannan lokaci ba bisimilla, don sa'ar ce mutanen ɓoye ke fitowa da 'ya'yansu. Kafin in buɗe baki, ruwan ya tafi.

Wani abu ya tsandara ihu a cikin ramin. Siririyar murya, irin ta jariri.

Kwaɗin suka yi tsit.

"Mage ce," ya ce, bai kalle ni ba.

Ba mu da mage. Ƙaurin gashi ya taso ya danne warin fetur. Na ce ya bar aikin nan ya je masallaci. Ya ce robar ciki kawai zai taɓa ya ji. Ya tsuguna, ya zura yatsu uku a bakin ƙarfen.

Ku gane, kalifar nan a ƙasa take. Ba tiyo a jikinta, ba mai, mota tana can waje.

Fistin ɗin ya fito, ya matse yatsun.

Na ji ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa. Jini ya yi tsartuwa har kan murhu. Bai iya ihu ba, bakinsa kawai ya buɗe.

Sai ƙarfen ya fara tafiya. Ya fizge shi ya kifa da fuska, yana jan sa a kan siminti zuwa makwarara. Haƙorinsa ya bugi dutsen wanki ya fita. Na riƙe ƙafarsa, aka ja mu tare, fatar gwiwata ta sale. Maza duk suna masallaci, wa zan kira?

Ƙarfen ya shige ramin. Baban Nafisa ya tokare bango da ƙafafunsa. Kafaɗarsa ta yi ƙara, ta goce.

Daga cikin ramin wata mace ta yi magana, a hankali, numfashinta da warin laka.

"Ya ƙona min ɗa. Ya zo ya gani."

Na nemi Ayatul Kursiyyu a bakina, wallahi ta ɓace min.

"Zuliha," ya ce cikin raɗa. "Adda."

"Ba zan iya ba."

"Gaba ɗayana za ta tafi da ni."

Na ɗauko addar faskare. Yatsun sun riga sun shige ramin, tafin hannun kaɗai ya rage a waje. Na ce bisimilla, na sara.

Saran farko bai raba ba.

Na sake.

Ya faɗo baya a kaina. Na ji ƙarfen yana gurzar ƙasa a cikin ramin, sannan ya faɗa kanal, tsundum. Na ɗaure hannun da ɗankwalina ina kuka, sai a lokacin na ji liman ya yi sallama.

A asibitin Kura muka ce injin casa ne ya kama shi. Maƙwabta sun janye ruwan kanal sun laluba, ba kalifa, ba yatsu. Makwararar kuwa mun toshe ta da siminti, mun huda wata ta gaban gida.

An sayar da motar. Yanzu gadin albasa yake yi a gonar wansa. Bai taɓa yi min gori ba, har cewa yake ni na cece shi, kuma na san da gaske yake. Amma har yau, duk sanda na ɗauki adda zan faskara itace, sai ya miƙe a hankali ya koma zaure.