Ƙarin Ɓera

Ranar da ta fara ganinsa, Allah ne kawai ya hana ta kwaɗa masa kwalba a ka. Tana ɗakin duhu na sashen bincike, ta jera kwalaben rininta, sai wani dogon likitan tiyata ya faɗo babu sallama, ya kunna fitila.

"Kashe! Malam, ka kashe na ce!"

Kafin ya lalubo makunnin, rinin ya koɗe. Ba rinin tufafi ba ne. A cikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi take ɗura shi, a yi allurarsu, su bi jini su je su manne wa ƙari. In an haska wata fitila ta musamman sai ƙarin ya yi kore shar, likita ya ga iyakarsa ya yanke.

Ya ba da haƙuri, ta watsa masa harara. Washegari ya dawo, ya ƙwanƙwasa, ta kore shi. Mutumin nan akwai naci, har ya zama ita ke cigiyarsa in bai zo ba. Yana ce mata Mai Rini, tana ce masa Mai Wuƙa, magana kuma ta kai gaban manya.

Ana haka gwajinta ya yi kyau a jikin wani ɓera, ta tura masa saƙo cike da murna:

"Mai Wuƙata, ƙarin nawa ya fito ƙuru-ƙuru! Ya girma sosai. Kar ka gaya wa kowa tukuna."

Wayar tana hannun mahaifiyarsa, tana kallon hotuna. Ai kuwa gida ya hargitse. Mama ta rantse ɗanta ba zai kwaso jinya ba, sai yarinya ta kawo shaidar asibiti cewa lafiyarta ƙalau.

Shi kuwa gogan, da dariyarsa ya zo ya ba ta labari.

"Na ce mata, Mama, ƙarin ɓera ne fa! Ke kuma Mai Rini, ki je a gwada ki kawai, a wuce wurin."

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ranta ya ɓaci.

"Abin da ka kare ni da shi ke nan? Ɓera? Da a ce ƙarin a jikina yake fa?"

Ya buɗe baki ya rufe. Wannan shirun ya fi maganar Mama yi mata ciwo.

"Kullum kana yanka matan da mazansu suka gudu suka bar su a gadon asibiti, kana zuwa nan kana tsine wa mazan. Ashe kai ma layinsu kake. Ba zan yi gwajin ba. Fita, ka ja min ƙofa."

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. "Mai Rinina, na yi wauta." Ta goge. "Ki zage ni ma na ji muryarki." Ta goge, ta sha kukanta, ta koma kan ɓerayenta tana musu masifa kamar su suka yi laifin.

Wata safiya aka ce tana da baƙuwa. Mama ce a bakin ƙofa, fuska a murtuke, ɗan nata a bayanta.

"Ke ce kika hana ni sakat a gidana? Yaron nan ya ce ko kin kawo shaidar ba zai bari na gani ba. Wai ko ƙarin naki ne, shi zai yi jinyarki, ni na zuba ido."

Mai Rini ta gaishe ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mama, har yanzu ba zan kawo ba."

Mama ta ƙare mata kallo sama da ƙasa, ta ja tsaki.

"Wa ya tambaye ki? Ni ma da na kwanta ciwo, ubansa bai gudu ba. Kunya ce ta kawo ni, ba shaida ba."

Aka ɗaura aure ba tare da an gwada kowa don Mama ba. Ranar da aka kai amarya, Mama ta damƙa hannunta cikin na ɗanta, tana hararar sa.

"Ga ta nan, da lafiya da ciwo. Allah ya yi muku albarka. Ka kuskura ka sake yin shiru in ta tambaye ka."