Takardar da ke Aljihun Yaya

Wallahi tallahi na san ba za ku yarda ba, amma ranar wata Asabar an ga Injiniya tsugune a bakin famfo yana wanke kwanuka. Injiniya fa, wanda ko cokalin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba! Ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Daga aji huɗu na sakandare Injiniya ya sallami makaranta, a cewarsa ilimin malaman ya ƙare. Ya kafa teburin gyaran waya a bakin titi, ya raɗa wa kansa suna. A iya shege kuwa ba a haifi na biyunsa ba, duk layinsu babu wanda bai taɓa dana wa tarko ba.

Yayansa kafinta ne mai sanyin hali, ya kamu da son wata tela, yarinya kyakkyawa mai kunya. Ranar da ta fara zuwa gaishe da Umma, fanka na juyawa a falo, sai Injiniya ya ji wani ƙarni ya daki hancinsa, kamar kifin da ya kwana ba firij. Tana fita ya buɗe tagogi.

"Umma, wace ce wannan? Kasuwar kifi Yaya zai auro mana?"

"Rufa min baki!" in ji Umma, amma ita ma gefen mayafinta na kan hanci.

Yaya ya sunkuyar da kai. "Umma, ba ƙazanta ba ce. Sau uku take wanka a rana. Lalura ce aka haife ta da ita, likita ya ce da wuya a samu mutum ɗaya a cikin dubbai. In ta kiyaye abincinta da ƙyar ake ji. Yau ma zafin mota ne."

"Lalura!" Injiniya ya kwashe da dariya. "Siriyos, Yaya? Sabulu ne maganinta."

Umma ta sauke mayafin ta ce, "Ta zo Asabar ta wuni da ni. Da yamma gwaggwanninku za su zo su gan ta. Abin da suka ce shi ke nan."

Ana jibi Asabar Injiniya ya shiga ɗakin Yaya aron riga ba izini. A aljihu ya ci karo da takarda mai hatimin asibiti. Dogon bayanin sama bai wahalar da kansa ba, idonsa ya sauka kan layin ƙasa: abincin da aka hana ta. Ƙwai, kifi, hanta, wake. Ya yi murmushi har kunne, ya cusa takardar a aljihunsa. Wace ƙwaƙwalwa ce za ta haɗa irin wannan filan in ba tasa ba?

"Umma, Yaya ya ce in faɗa miki a asirce, wai kunya yake ji. Baƙuwarki ba abin da take so kamar wake da kifi, a sa hanta, a yanka dafaffen ƙwai a kai."

Umma baiwar Allah ta tafi kasuwa da kanta.

Asabar da hantsi, Yaya yana shago, Tela ta iso fes da ita, ko Injiniya da ya baza hanci bai ji komai ba. Umma ta dire mata faranti shaƙe. Yarinyar ta dubi farantin, ta dubi Umma.

"Ci mana, 'yata. Tun asuba nake tsaye a kicin saboda ke."

Daga bayan labule Injiniya yana leƙe. Ya zaci za ta ture, a ce ta raina girkin uwar miji. Sai ya ga ta yi bisimilla ta ɗauki cokali, hawaye na ɗiga cikin waken. Ta cinye tas.

"Yaji ne ya yi yawa?" in ji Umma.

"A'a, Umma. Ya yi daɗi. Allah ya saka."

Injiniya ya saki labulen ya koma ciki.

Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gwaggwanni uku suka cika kushin. Kafin a gama gaisawa abin ya taso. Ƙarni mai nauyi, mai maƙalewa a harshe, ya cika falon har ƙudaje suka fara shawagi a bakin taga. Gwaggo Babba ta shaƙa, ta yamutsa fuska, ta leƙa ƙarƙashin kujera.

"Ɓera ne ya mutu a gidan nan?"

Gwaggo Ƙarama ta tofar da yawu a hankici. "Ba ɓera ba ne. Ga shi nan zaune a gabanki. Ke yarinya, a gidanku ba a saya muku sabulu ne? Tir! Wannan ce za ta dafa mana abinci mu ci?"

Tela ta dunƙule wuri ɗaya, gumi na bin wuyanta, tana jin kunya gumin na ƙaruwa, warin na ƙaruwa. Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan farantin Umma ba.

Injiniya ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Sai ya tuna da ƙayar kifi da ɓawon ƙwai a kicin, ga Yaya na hanya. Ya kwashi kwanuka ya ruga bakin famfo.

Nan Umma ta same shi, kumfa har gwiwar hannu. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Shekara ashirin da huɗu da na haife ka, yau ka san hanyar famfo? Me kake ɓoyewa?"

"Haba Umma, taimako ne kawai..."

Daidai nan Yaya ya shigo, garin katako a gashinsa. Idonsa ya faɗa kan tukunya.

"Umma, wa ya ci wannan?"

"Baƙuwarka mana. Ba kai ka aiko ƙaninka ya ce shi take so ba?"

"Ni ban aiki kowa ba," in ji Yaya. Ya miƙa hannu ya zaro takardar da kanta ya leƙo daga aljihun Injiniya, kowane abinci Injiniya ya yi masa maki da jan biro.

Da kunne Umma ta ja Injiniya har tsakiyar falo. Ta danƙa masa takardar. "Karanta! Daga sama, da ƙarfi, tunda kai injiniya ne."

"Tir... tirai... trimethylaminuria." Sai da ya yi gumi kafin sunan ya fita. Yana in'ina Yaya na fassarawa: hantarta ba ta iya narkar da wani sinadari da ke cikin waɗannan abinci, sai ya fito ta gumi da numfashi. Gado ne daga uwa da uba. Ba a ɗauka. Wanka ba ya kore shi, ba a kuma warkewa, sai dai kiyaye abinci.

Umma ta juya ga Tela. "Kin san abin da zai biyo baya, kika ci?"

"Umma, kin ce tun asuba kike tsaye." Ta share gumin wuyanta. "Tun ina firamare ake tashi daga bencina. Yau ne aka fara yi min girki don ni."

Umma ta durƙusa ta rungume ta, da warin da komai, ta fashe da kuka. Gwaggo Ƙarama ta ninke hankicinta ta tura ƙasan jaka. Gwaggo Babba ta share ido ta ce, "A sa rana. Yarinyar da ta zaɓi ta sha kunya da ta kunyata uwa, ita muke so."

Sannan ta nuna Injiniya da sanda. "Abin ƙyama a ɗakin nan guda ɗaya ne, kuma ba ita ba ce. Ciwon da ba ka taɓa jin sunansa ba, tambaya ake yi kafin a toshe hanci. Mai shi bai zaɓa ba, amma kai muguntarka da hannunka ka zaɓa."

"Sori, Anti," Injiniya ya ce wa Tela, kansa a ƙasa. Karon farko ke nan da ya ji warin kansa.

"Sori ba ta isa ba," in ji Umma. "Daga yau har ranar ɗaurin aure, abin da aka hana ta an hana ka. Kuma Yayanka ya ce akwai ƙungiyar masu lalurar da ke raba takardun wayar da kai duk Asabar. Kai za ka riƙa ɗaukar kwalin, ka karanta wa duk wanda ya tsaya."

"Umma, har ƙwai?"

"Har ƙwai. Koma ka ƙarasa kwanukan."