Yauwar da Ta Sa Paloma Kuka

A unguwar Al Muntazah, cikin birnin Doha, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Abbanta direba ne a wani kamfani. Mamanta tana gida tare da Auta, ƙaninta mai ƙiriniyar tsiya.

Yarinyar nan akwai kara, har ta yi yawa! Ko gishiri aka zuba mata a shayi a gidan mutane, sai ta shanye ta ce, "Madalla." Kullum Mama tana ce mata, "Kada ki kuskura ki ba baƙo kunya." Ita kuwa ta riƙe maganar nan gam.

Wata ranar Lahadi aka kawo sabuwar ɗaliba ajinsu. Malama Nafeesa, mai koyar da Turanci, ta kira yarinyar gefe. Malamar 'yar Zangon Kumasi ce. In tana son magana ta shiga sosai, da Hausa take yi mata.

"Waccan sunanta Paloma," in ji Malama. "Daga Kolombiya suka zo. Babanta yana girki a wani otal a unguwar Mushairib. Sifaniyanci kawai take ji, Turancinta ɗan kaɗan ne."

"To, Malama."

"Yanzu muna koyon yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi kullum. Ranar Alhamis kowa zai tashi ya ba da labarin gidansu. In Paloma ta kasa, shugaban makaranta ya ce a mayar da ita aji biyu, cikin ƙanana. Za ki taimaka mata?"

"Zan taimaka mata, in sha Allahu. Ba inda za ta je!"

Daga ranar, duk lokacin tara sai su zauna a inuwar baranda su yi ta gwaji. Paloma ba ta da ƙiwa. Ga fara'a, ga son koyo.

"My father cook," in ji Paloma, tana murmushi.

Yarinyar ta ji kuskuren sarai. "Cooks" ya kamata ta ce. Har ta buɗe baki za ta gyara, sai ta dubi fuskar Paloma. Baƙuwa ce fa, ga ta tana murna. Ta yaya za ta ce mata ba daidai ba ne?

"Yauwa!" ta ce. "Good!"

"My mother go market."

"Yauwa!"

Haka suka yi ta yi. Duk abin da Paloma ta faɗa, yauwa. Kai, har Paloma ta iya cewa yauwa tun kafin ta iya Turancin.

Ranar Alhamis ta zo. Paloma ta fita gaban aji da ƙwarin gwiwarta. Ta ɗaga murya ta zuba jimlolinta, kusan kowace da kuskure. Da ta gama sai ta nuna yarinyar da yatsa cikin alfahari, ta ce, "She teach me!"

Wani yaro mai suna Kamil ya fara ƙyalƙyala dariya. Sauran suka kama. Malama ta buga tebur aka yi tsit, amma aikin gama ya gama. Paloma ta juyo ta kalli ƙawarta, hawaye na zuba. Ta koma kujerarta ta kifa kai.

Wayyo, yarinyar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bayan an tashi Malama ta tsayar da ita.

"Ba ki ji kurakuran nan ba lokacin da kuke gwaji?"

"Na ji, Malama."

"To me ya hana ki gyara mata?"

"Baƙuwa ce. Kara na yi mata."

Malama ta riƙe baki. "Kara? 'Yata, kin hana ta jin kunya a gabanki ke kaɗai, kin ja mata kunya a gaban aji guda."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Don Allah kada a mayar da ita aji biyu. Laifina ne. A ƙara mana mako guda."

"Zan roƙi shugaba," in ji Malama. "Amma daga Alhamis mai zuwa, khalas, babu wani roƙo."

A gida ta kasa cin abinci. Mama ta matsa mata, ta faɗi duk abin da ya faru. Abba yana gefe yana sauraro.

"Zo nan, uwata," in ji Abba. "Da na zo ƙasar nan ban san hanya ko ɗaya ba. Baffanki Aminullahi ne ya koya mini. In na ɗauki hannun da ba shi ba, sai ya ce, 'Surajo, ba nan ba ne, koma!' Nakan ji haushi. Amma da ya yi mini shiru, da tuni kafil, wato ubangidan da ya kawo ni aiki, ya sallame ni na koma gida."

Mama ta dafa kafaɗarta. "Ni na ce kada ki ba baƙo kunya. Ban ce ki yi masa ƙarya ba. Ki gyara mata ku biyu, da murya mai taushi. Wannan ita ce karar gaskiya."

Yarinyar ta share hawaye. "Gobe zan je in same ta."

Gidan su Paloma ba nisa, bayan kantin burodi ne. Mama ta raka ta. Paloma ta leƙo, ta haɗe rai. Yarinyar ta dafa ƙirjinta, ta yi magana a hankali don ta gane.

"Sorry, Paloma. I said good. It was not good."

Paloma ta daɗe tana kallonta. Can ta matsa daga bakin ƙofa, ta ce, "Come."

A ranar suka sake sabon lale. Suka tsaya a taga suna kallon titi. Ga mai sayar da karak, shayin madara, yana ta zuba wa direbobi a kofi.

"He sell tea," in ji Paloma.

Yauwa ta taho har bakin yarinyar, ta haɗiye ta da ƙyar. Ta girgiza kai ta ce, "No. He sells tea. Sssss!"

Ta jira ta ga ko Paloma za ta yi fushi. Ina! Dariya ta yi, ta maimaita daidai.

Sai Paloma ta ce ita ma za ta koya mata Sifaniyanci. Ta nuna kare a hoto ta ce, "Perro." Yarinyar ta gwada, harshenta ya ƙi kaɗawa. "No, no, no!" in ji Paloma, tana tafa hannu. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe gyara ba ya ciwo in mai ƙaunarka ne ya yi maka.

Duk makon ba su huta ba. A motar makaranta suna yi, a baranda suna yi. In Paloma ta zo gidansu, Auta ma ya samu aiki. Da ta yi kuskure sai ya yi tsalle yana "Sssss!" kamar maciji. Wani lokaci Paloma ta gaji ta ture littafi. Yarinyar ta ce, "Yalla, again!" Su sake daga farko.

Alhamis ta sake zagayowa. Shugaban makaranta da kansa ya shigo ya tsaya a baya. Paloma ta fita gaban aji.

"I live in Al Muntazah," ta fara. "My father cooks in a hotel. My mother go..."

Ta tsaya. Ajin ya yi tsit. Yarinyar ta damƙe gefen tebur.

"My mother goes to the market," in ji Paloma. Ta ja numfashi, ta nuna ƙawarta. "My friend tells me the truth."

Aji ya kaure da tafi, har da Kamil. Shugaba ya gyaɗa wa Malama kai ya fita. Paloma ta zauna a aji huɗu.

Da ta dawo kujerarta sai ta raɗa wa yarinyar, "Yauwa?"

"Yauwa!" in ji yarinyar. Wannan karon har cikin zuciyarta ta faɗa.

Tun daga ranar ta gane cewa ɓoye wa aboki kuskurensa ba kara ba ce, cutarwa ce. Mai ƙaunarka shi ne wanda zai faɗa maka gaskiya cikin ladabi, tun kafin ka ji kunya a gaban mutane.